Tanti Mai Kalar Kakin Soja

Akwai wani maharbi a garin Banga, ta wajen Kaura Namoda, sunansa Ɗanasabe. Idan ana maganar iya harbi, ko maƙiyinsa ba zai yi masa gardama ba. Zabuwar daji tana tashi sama zai sauko da ita. Aibinsa ɗaya ne, kuma shi ya jawo duk abin da za ku ji: Ɗanasabe yana son a gan shi. Idan ya kashe gada, sai ya zagaya da ita ta bakin kasuwa a kafaɗa, alhali gidansa yana can ɗaya ɓangaren garin.

Abokin farautarsa shi ne Maitama, yayan matarsa Rekiya. Maitama ya girme shi da kusan shekara goma sha biyu. Mutum ne marar yawan magana, irin wanda zai zauna da kai awa guda bai ce komai ba, amma ka tashi kana jin kun yi hira. Shekara tara suna shiga dajin da ke tsakanin Zurmi da Shinkafi tare. Su kwana uku ko huɗu, su ƙyafe nama, su fito da shi kasuwar Kaura.

Kun dai san yadda dajin nan ya koma. Yawancin maharba sun rataye bindiga sun kama noma. 'Yan kaɗan da suka rage suna shiga ne da dogaro ga Allah da kuma abu ɗaya: a gane su tun daga nesa. Bindiga adaka, tsohuwar taguwa mai layu, da 'yar bukkar ganye. 'Yan bindigar da suka mamaye ciki, idan suka hangi haka, sau da yawa sukan wuce abinsu. Ba alkawari ba ne, babu wanda ya zauna da wani. Amma a kan wannan ɗan lamunin ne su Maitama suke ciyar da gidajensu.

Makwancinsu a daji kuwa ba wani abin a zo a gani ba ne. Buhunan taki ne guda shida, Rekiya ta farke su ta ɗinke wuri ɗaya, Maitama ya shafe su da laka don kada farinsu ya yi ƙyalli. Idan sun isa, sai su sari rassan sabara, su kafa, su lanƙwaso kawunan su ɗaure, su lulluɓa buhun, su bi bayansa da ganyen kalgo. Ba shi da nauyi, ana naɗe shi a saka cikin burgami. Amma gaskiya ɗaya ce, yana yoyo ta wajen ɗinki, kunama tana shiga yadda ta ga dama, kuma haɗa shi yana cin lokaci.

A wata fita ta farkon damina, ruwa ya shiga ya jiƙa wa Ɗanasabe albarushi. Da safe ga barewa tsaye a gabansa, ya danna kunamar bindiga, sai ƙas, babu komai. Barewa ta dube shi ta yi gaba. Tun daga nan ya rantse ya gama kwana a ƙarƙashin buhu.

Ranar kasuwar Kaura ya nufi rumfar Shamsu, mai sayar da kayan gwanjo.

"Sarkin baka da kanai!" in ji Shamsu, yana share masa benci. "Mi aka nema?"

"Abin kwana cikin daji nika so. Marar nauyi, wanda ruwa ba ya ratsawa."

Shamsu ya fito masa da uku. Na farko tampol ne na babbar mota. Ɗanasabe ya ɗaga gefe ɗaya ya ajiye, don wanda zai dawo da nama a ka ba ya ɗaukar wannan. Na biyu wani yadi ne ruwan ƙasa, ya koɗe, amma lafiyayye. Ba shi da sanduna, ba shi da ƙofa, igiya kawai ake ɗaura masa tsakanin itatuwa biyu ko a lulluɓa shi kan rassa. Nauyinsa bai fi na zanen mace biyu ba. Wallahi da wannan ya ɗauka, da yau ba ni da labarin da zan ba ku.

Na ukun yana cikin 'yar jaka. Shamsu ya zazzage shi a tsakiyar hanya, ya zura wasu sanduna sirara masu lanƙwasa, kafin ka ce me, ga ɗaki ya tsaya da ƙafarsa. Da ƙofa mai zif, da ragar sauro, har da shimfiɗarsa a ƙasa. Sai dai jikinsa dabbare-dabbare ne, kore da baƙi da ruwan ƙasa.

Nan da nan mutane suka taru. Wani dattijo mai sayar da igiya ya leƙo ya ce, "Kai, wanga awa na soja."

Duk mai hankali da ya ji an ce kamar na soja ne, gabansa ne zai faɗi. Shi Ɗanasabe kuwa kansa ne ya fasu. Ya dubi mutanen da ke kallonsa, ya ce a naɗe masa.

Ko da ya isa gida bai shiga da shi ɗaki ba. A ƙofar gida ya kafa shi, wai yana gwadawa. Rekiya ta leƙo ta zaure, ta daɗe tana kallo.

"Baban Salma," ta ce a hankali, "da wanga za ka shiga daji?"

"To da mi? Ke dai kin saba ganin mijinki cikin buhun taki awa dawa."

Ta juya ta koma ciki.

Da yamma Maitama ya zo. Ya zagaya tantin sau biyu, ya taɓa yadin, ya ɗaga jakar ya ji nauyinta.

"Abu ya yi kyau," ya ce. "Ba nauyi, kuma ruwa ba ya shiga. Wanga ban musa ba. Amma Ɗanasabe, wanda za ya hange shi daga nesa ba ya zuwa ya tambaye ka ko kai wane ne. Kalar ɗai za ya gani."

"Yaya, tsoro ya yi maka yawa."

"Na yarda. To ka bari mu shahe shi da laka, ko mu aza buhun bisa."

Ɗanasabe ya yi dariya har da tafa hannu. "In sayo sabon abu in shahe shi da laka? Haba Yaya!"

Maitama ya dube shi, ya dubi tantin, ya yi sallama ya tafi.

Bayan kwana biyu suka kama hanya. Ɗan acaɓa ya sauke su a ƙauyen ƙarshe, daga nan suka taka da ƙafa. Lokacin ruwa ya fara sauka, ciyawa ta ɗan tsiro, sama kullum a haɗe, ga wani irin zafi mai danne ƙirji. Sai bayan la'asar suka isa wurin da suka saba sauka, wani kurmi mai duhu kusa da rafi.

A nan tantin ya fara nuna halinsa. Bukkar ganye tana shiga ko'ina, ƙarƙashin ƙaya ma sai ta zauna. Shi kuwa wannan yana buƙatar fili shimfiɗaɗɗe, babu kututture, babu ƙaya, don kada shimfiɗarsa ta huje. Ɗanasabe ya yi ta zagaye cikin kurmin bai samu ba. Daga ƙarshe ya fita can waje, kan wani ɗan tudu mai yashi, inda babu itace ko ɗaya, kuma bai fi jifa biyu ba daga wata siririyar hanya da babura ke bi.

"Nan kowa na ganin ka," in ji Maitama.

"To sata niy yi?"

Maitama ya koma cikin kurmi ya sari rassansa, ya haɗa bukkarsa shi kaɗai.

A daren an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da gari ya waye Ɗanasabe ya fito a bushe ƙarau, yana miƙa, albarushinsa lafiya lau. Maitama kuwa ya fito yana matse gefen riga, yana tari. Ba zan ɓoye muku ba, a wannan safiyar Ɗanasabe ne mai gaskiya, kuma bai bar Maitama ya manta da hakan ba har rana ta take.

Amma daga ranar abubuwa suka fara canzawa.

Akwai wani ɗan ƙauye na gidaje biyar a gefen dajin. Matan ƙauyen sukan biyo ta wurin su yi itace, su gaisa da maharba, wani lokaci a ba su kayan ciki su kawo fura. Da hantsi Maitama ya hango uku daga cikinsu tafe. Suna kawowa inda za su iya ganin tudun, ta gaban ta tsaya cak. Suka juya suka koma da sauri, ɗaya har ta yar da igiyar itacenta.

Akwai kuma Baba Jaji, tsoho mai ɗiban zuma a wannan ƙauyen, wanda duk zuwansu sai ya zo ya zauna an sha hira. Ranar bai zo ba.

Da yamma suna dawowa daga farauta da zabi uku da zomo, Maitama ya tsaya a bakin hanyar nan yana kallon ƙasa. Sawun babura ne sababbi, kan yashin da ruwa ya daddale. Ba wucewa suka yi ba. Sun zo, sun tsaya daidai saitin tantin, an sauke ƙafa, sannan sun juya sun koma inda suka fito.

"Ka gani?" ya ce.

"Masu wucewa na."

"Mai wucewa ba ya juyawa, Ɗanasabe. Mu naɗe mu tahi."

"Da zabi ukku? In shiga Banga da zabi ukku mutane su yi man dariya? Gobe dai."

Maitama bai ci abinci ba ranar. Ya zauna bakin bukkarsa yana sauraren daji. Ko hayaƙi bai ga ya tashi daga ƙauyen su Baba Jaji ba.

Washegari da sassafe Ɗanasabe ya harbi wata babbar gada. Bai same ta daidai ba, ta faɗi ta tashi ta shige sarƙaƙiya tana zubar da jini. Ya bi sawu. Maitama kuma ya gangara rafi ɗibar ruwa.

A can ya tarar da Baba Jaji a durƙushe yana wanke ƙwarya. Tsohon bai ɗago ba, bai amsa sallama da ƙarfi ba. Yana kallon ruwa yake magana.

"Maitama, jiya sun zo gidana. Sunka ce soja nawa na bisa tudu. Nic ce ba soja ba ne, maharba na, na san su shekara da shekaru. Sunka ce maharbi ba ya kwana cikin irin tantin can. Sun ce ko dai soja na, ko masu kai ma soja labari."



"Sun tahi kiran 'yan uwansu," in ji tsohon. "Ba su wuce azahar. Ku hita. Amma don girman Allah kada ku bar abin ga tsaye. In sunka iske shi ba kowa, mu za su ce mun ɓoye ku. Ina da jikoki bakwai cikin gidan can."

Ya ɗauki ƙwaryarsa ya tafi, bai waiwayo ba.

Maitama ya bi sawun jini da gudu har ya cimma Ɗanasabe a gindin wani dutse. Ya faɗa masa komai, yana haki.

Kun san abin da bawan Allahn nan ya ce? Ni har yanzu idan na tuna sai raina ya ɓaci.

"Gadar ta kusa hwaɗuwa, Yaya. Ga jini nan ɗanye. Bari in ɗauko ta, sai mu naɗe mu wuce."

"Ɗanasabe, rai aka magana."

"Yanzu ko hantsi bai yi ba. Tsoho na, ya tsorata. Ba ni barin nama ga kura."

Maitama bai zage shi ba, bai ɗaga murya ba.

"To," ya ce. "Ni za ni in kwance tantin. In ka samo ta, kada ka biyo ta tudu. Ka bi rahi, mu haɗu gindin kukar nan ta mashaya."

Suka rabu.

Gadar ba ta faɗi da wuri ba. Ta ja shi har saman dutsen, sai da rana ta ɗaga sosai ya same ta kwance tsakanin duwatsu. Ya yanka, ya saɓa a kafaɗa, zuciyarsa fari ƙal. Daga inda yake tsaye ana hango tudun gaba ɗaya, sai ya tsaya ya duba.

Tantin yana nan bai faɗi ba. Maitama yana ta fama da shi.

Abin da ya faru shi ne, tun da aka sayo tantin, Ɗanasabe bai taɓa bari wani ya sa masa hannu ba. Shi ke kafawa, shi ke kwancewa, don a san shi kaɗai ya iya. Maitama bai san cewa sai an zare bakin sandunan daga ramukansu na kusurwa ba. Ya tuge turakun, ya danne wannan gefe, wancan ya miƙe. Ya danne wancan, wannan ya tashi ya buge shi a fuska. Mutumin da yake rushe bukka cikin minti biyu, ga shi yana kokawa da yadi kamar mai kama ɗan akuya.

Ɗanasabe ya yi dariya. Shi da bakinsa ya faɗa daga baya, ya ce wallahi dariya ya yi.

Bai rufe baki ba ya ji ƙarar.

Daga farko kamar ƙudan zuma can nesa. Sai ta ƙaru. Tsuntsaye suka tashi daga kurmin gaba ɗaya. Babura suka ɓullo ta siririyar hanyar nan, ɗaya bayan ɗaya, kowane da mutum biyu ko uku. Ya ƙirga takwas ya daina ƙirgawa.

Maitama ya ji su tun kafin su bayyana. Kurmi yana bayansa, taku talatin. Da ya saki yadin ya ruga, da wataƙila ya tsira, don ya san dajin kamar tsakar gidansa. Amma tantin zai rage a tsaye. Sai ya zaro wuƙa ya shiga yanke yadin daga jikin sandunan, yana tattarawa a ƙirji.

Haka suka same shi, tsaye a fili, rungume da yadi mai kalar kakin soja.

Ɗanasabe ya zube a bayan dutse, gadar ta danne masa wuya. Ta wata 'yar kafa yake kallo. Ba ya jin abin da ake faɗa. Ya ga sun kewaye Maitama, ya ga an ƙwace adakarsa, ya ga wani ya kai masa gindin bindiga a kafaɗa har ya durƙusa. Wani dogo ya ɗaga yatsu biyu a gaban fuskarsa, alamar an san su biyu ne, ina ɗayan.

Maitama ya san sarai inda sawun jinin ya nufa. Bai ko kalli dutsen ba. Ya ɗaga hannu ya nuna yamma, can wajen da babu kowa.

Babura uku suka bi yamma. Sauran suka cinna wa yadin wuta, suka ɗaure Maitama da rawani, suka aza shi a tsakiya, suka koma ta inda suka fito. Ƙauyen su Baba Jaji ba a taɓa shi ba.

Ɗanasabe yana da bindiga a ɗure, da albarushi busasshe, harbi ɗaya tak. Bai harba ba, kuma ba na ce ya yi laifi a nan, don da ya harba da duka biyun aka rasa. Ya kwanta a wurin har ƙarar ta ɓace. Sannan ya ture gadar ya bar ta nan, ya bi rafi. Da ya kai gindin kukar mashaya ya tsaya, shi ma bai san wa yake jira ba.

Kwana biyu ya yi yana tafiya kafin ya iso Banga. Wannan karon bai bi ta bakin kasuwa ba. Ta bayan gari ya shiga, ta cikin gonaki.

Rekiya tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta ɗago ta gan shi, babu burgami, babu nama, ƙafafu duk ƙaya. Ta dubi bayansa, ta ga babu kowa.

"Ina Yaya?"

Ya durƙusa a wurin ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro.

An yi cigiya iyakar yi. An aika Moriki, an aika Birnin Tsaba, an tambayi duk wanda aka san yana jin labarin cikin daji. Wani ya ce an gan shi, wani ya ce ba shi ba ne. Waya ba ta taɓa shigowa ba. Sauran maharban garin ma ba wanda ya ƙara shiga wannan dajin, don labari ya iso cewa yanzu duk wanda aka gani da adaka ɗan leƙen asiri ne. Matar Maitama da 'ya'yansa biyar suna nan, ba a yi zaman makoki ba, ba a kuma daina jira ba.

Rekiya ba ta taɓa yi wa mijinta faɗa ba. Tana dafa abinci ta ajiye masa, ta wanke masa kaya, ta gaishe shi da safe. Shi ya kasa jurewa. Wata rana bayan kusan wata biyu, ya same ta tana tsinke zogale, ya zauna a ƙasa kusa da ita.

"Rekiya, ki zage ni. Don Allah ki ce wani abu. Ni nij ja mai."

Ta ci gaba da tsinkar ganyenta. Ta yi magana ba tare da ta dube shi ba.

"Ranar da yag ga tantin, ya ce man ba ya zuwa. Ya ce ya gama hwarauta da kai. Ni nit tahi gidanai, nid durƙusa, nic ce Yaya kada ka bar man shi ya shiga daji shi ɗai."

Ta share ido da bakin zane.

"In na zage ka, Baban Salma, ni wa za ya zaga?"

Darasi: Kafin ka zaɓi abin da za ka shiga da shi wuri mai haɗari, kada ka tsaya ga sauƙinsa da kyansa kawai, ka tambayi kanka me zai sa a ɗauke ka, kuma wa zai jawo wa masifa. Idan wanda ya riga ka sanin wuri ya ce maka a'a, ka saurara ko da a ranar kai ne kake ganin kana da gaskiya. Girman kai ba ya tsayawa kan mai shi, sau da yawa wanda ya fi ƙaunarka shi ne yake ɗaukar dukan. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman masu shiga daji neman abinci, kuma ku sa duk waɗanda ake jira ba su dawo ba a cikin addu'a. Allah Ya kawo mana zaman lafiya.